Da me Tabitha Brown ta riƙe zuri'arta bayan rasuwar mijinta?

Tambaya: "Malam, a tarihin Amurka muna yawan cin karo da tsohuwar da mijinta ya rasu, ta zama ita ce ginshiƙin 'ya'ya da jikoki a sababbin garuruwan da baƙi suka kafa can yammacin ƙasar. Da me irin wannan mata take riƙe gida a wurin da babu hukuma tsayayyiya, babu kasuwa, babu dangi na kusa? Ko dai ƙawata labari ne kawai?"

Malama, ƙawatawa kam akwai ta, domin Amurkawa suna son labarin kakannin da suka sha wuya suka yi nasara, amma gindin maganar gaskiya ne. Hanya mafi kyau ta amsa miki ita ce in ɗauki mace guda wadda labarinta ya tabbata a rubuce, mu bi ta daki-daki. Wadda na zaɓa ita ce Tabitha Moffatt Brown, wadda ta bar doguwar wasiƙa da ta rubuta wa 'yan'uwanta a 1854, kuma surukinta Virgil Pringle ya bar littafin da yake rubuta abin da ya faru kullum a kan hanya. Abin da rayuwarta ta nuna mini shi ne, ba furfura ce ta ba ta wannan matsayi ba. Sana'ar da ke hannunta ce, da ikon mallakar abin kanta da doka ta bar wa macen da ba ta da miji, sannan zuri'ar da ake cewa ta riƙe, ita ma ta riƙe ta a ranar da ƙarfinta ya ƙare.

An haife ta a 1780 a garin Brimfield na jihar Massachusetts. A 1799 ta auri Clark Brown, limamin coci, wanda aikinsa ya riƙa kai su gari-gari har suka dire a Maryland, inda ya rasu a 1817. Ya bar ta tana da shekara talatin da 'yan kai, da 'ya'ya uku da babu wanda ya kai shekara ashirin a cikinsu: Orus da Manthano da ƙanwarsu Pherne. Limamin coci na wancan zamani ba ya barin gona ko dukiyar a zo a gani, saboda haka abin da Tabitha ta dogara da shi ilminta ne. Ta buɗe makaranta tana koyar da yara ana biyan ta, da haka ta ci da 'ya'yanta har suka zama mutane. A 1824 ta kwashe su zuwa Missouri, wadda a lokacin ita ce bakin iyakar yankunan da Turawa suka zauna, ta ci gaba da koyarwa a can.

A nan sai an tsaya an dubi doka, domin idan ba a fahimce ta ba, ba za a gane dalilin da ya sa matan da aka fi jin sunansu a irin wannan matsayi galibi waɗanda mazajensu suka rasu ne ba. Dokar da Amurka ta gada daga Ingila tana ɗaukar mata da miji a matsayin mutum ɗaya, kuma mijin ne wannan mutumin. Matar aure ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai, kuɗin da ta samu da gumin goshinta ma na mijinta ne. Ranar da ya rasu sai duk wannan ya warware: ta iya saye da sayarwa, ta ba da bashi, ta karɓi haya, ta sa hannu a takarda. Rabonta a ƙasar da ya bari shi ne cin amfanin kashi ɗaya bisa uku muddin ranta, ba mallaka ta har abada ba, wanda ya bambanta da tumunin takaba da kika sani a shari'ar Musulunci, inda abin da mace ta gada ya zama nata ɗungurungum. Wannan 'yanci yana tare da sharaɗi mai nauyi, wato da zarar ta sake aure ya koma hannun sabon miji. A bakin iyaka maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, kuma noman sabuwar ƙasa aiki ne na mutum biyu, don haka da yawa daga cikin zawarawa ba sa daɗewa suke sake aure, ba kuwa abin zargi ba ne. Tabitha ba ta sake ba. Ta yi shekara 41 tana zaman kanta, kuma duk abin da zan faɗa a gaba ya ginu ne a kan wannan.

A 1843 babban ɗanta Orus ya bi ayari zuwa Oregon, can ƙurewar yammacin ƙasar, ya ga ƙasar ta yi masa, ya dawo a 1845 don ya kwashi iyalinsa. Ya shawo kan Pherne da mijinta Virgil Pringle su ma su tashi da 'ya'yansu. Manthano ya zaɓi zama a Missouri. Tabitha tana gab da cika shekara 66, ƙaramar mace ce kuma tana ɗingishi, da ta ce za ta zauna wurin Manthano babu wanda zai ga baƙonta. Sai ta ce da ita za a tafi, kuma yadda ta shirya tafiyar shi ne abin lura. Ba ta nemi gurbi a keken shanun ɗanta ko na surukinta ba. Ta tanadi nata keken, da nata bijimai, da guzurinta, da mai kora mata, sannan ta ɗauki nauyin wan mijinta, Kyaftin John Brown, tsohon matuƙin jirgin ruwa ɗan shekara 77. Ki duba nan da kyau: kusan shekara talatin bayan mutuwar mijinta, tsohon da ya rage a gidan mijin a hannunta yake. Irin wannan ne nake nufi idan na ce ta riƙe zuri'a. Ita ce ke kwasar waɗanda ba su da wurin shiga a gidajen matasa, domin kowane magidanci a cikinsu yana da yaran da suka ishe shi.

Sun tashi a watan Afrilun 1846. Hanyar Oregon ta kai mil 2,000, wato kimanin kilomita 3,200, kuma ayarin da bai gamu da matsala ba yakan cinye ta cikin wata biyar zuwa shida. Lissafin kowa ɗaya ne: a tashi bayan ciyawa ta fito don shanu su sami abin ci, a ƙetare duwatsun yamma kafin ruwan sanyi da ƙanƙara su sauko. Duk ranar da aka ɓata a tsakiya, a ƙarshen hanya ake biyan ta. Har suka kai Fort Hall, a jihar Idaho ta yau, tafiyar lafiya lau take. A wannan yanki ne masu tallata wata sabuwar hanya ta kudu suka tare ayarin, suka ce tasu ta fi sauƙi. Orus ya san tsohuwar hanya, ita ya bi, ya isa a kan lokaci. Tabitha da iyalan Pringle suka karkata kudu tare da wasu da yawa.

A wasiƙarta Tabitha ba ta sassauta wa wanda ya ja su wannan hanya ba, kuma tana da hujja. Amma adalci ya sa in ƙara da cewa Jesse Applegate da ɗan'uwansa Lindsay, waɗanda aka sa wa hanyar sunansu, kowannensu ya rasa ɗa a kogin Columbia a 1843 lokacin da kwalekwale ya kife, kuma neman hanyar da za ta kauce wa wannan kogi yana cikin abin da ya tura su. Kuskuren shi ne hanyar da mahayan dawaki suka bi suka ga ta yi, ba ta isa ɗaukar keken shanu ba tukuna. Ayarin ya bi kogin Humboldt, ya ratsa hamadar Black Rock inda shanu suka yi ta faɗuwa, ya hau duwatsu yana sarar hanya da gatari, har damina mai sanyi ta riske shi a kwazazzabon Umpqua. Tsawon kwazazzabon bai wuce mil goma sha biyu ba, amma cikin rafi ake tafiya, ruwa ya cika shi, ga gawawwakin shanu da karyayyun kekuna da kayan da mutane suka zubar. A nan Tabitha ta rasa kekenta da duk abin da ke cikinsa, ta fito da dokin da take kai kawai. A wannan shekarar dai ayarin Donner ya bi wata gajeruwar hanyar zuwa Kalifoniya, ƙanƙara ta rufe su a duwatsu, kusan rabinsu suka mutu.

Da abinci ya kusa ƙarewa, Virgil Pringle ya matsa wa surukarsa ta yi gaba ita da Kyaftin John a kan dawaki, ko sa cim ma wasu kekuna da suka riga su tafiya, waɗanda ke da ɗan abin ci. Tsofaffi biyu suka kama hanya su kaɗai cikin ƙasar da ba su sani ba. Kyaftin ya kamu da jiri, hankalinsa ya fara gushewa, ya faɗo daga doki. Da ƙyar ya sake hawa, ta ce ya riƙe gezar dokin, ita kuma ta kama linzamin tana jan sa. Dare ya same su cikin ruwan sama. Ta zaro mayafin keke da ta ninke a ƙarƙashin sirdi, ta rataya shi a reshen itace ya zama tanti, ta sauke sirdin dawakin biyu, ta shigar da tsohon ta lulluɓe shi da bargo, ta zauna a gefensa ba wuta ba abinci, kyarketai na kuka, tana zaton kafin gari ya waye zai cika. Da asuba sai ga wani daga cikin mutanen da suke nema ya fito farauta ya gan su. Ashe zangon da suke nema bai fi rabin mil daga inda suka kwana ba.

Wannan dare shi ne aka fi ba da labarinsa, kuma ya cancanta. Amma abin da ya biyo baya ya fi amsa tambayarki. Bayan iyalan Pringle sun iso, yunwa ta sake kama su duka, sai da suka yanka ramammun shanun da suka rage. Aka tura jikanta Octavius, yaro ɗan shekara 14, ya hau doki ya tafi neman abinci. Virgil ma ya kama hanyar garuruwa neman agaji, ba tare da tabbacin zai dawo ya same su da rai ba. Can kuwa Orus, wanda ya daɗe da isa, ya ji labarin halin da masu hanyar kudu ke ciki, ya ɗora abinci a kan dawaki huɗu ya fito neman mahaifiyarsa da ƙanwarsa, ya haɗu da Virgil a hanya suka juyo tare. Da babu ɗa da suruki da jika, da labarin Tabitha ya ƙare a gindin duwatsun Calapooya. Ina jaddada wannan ne domin masu ƙawata labari sukan nuna irin waɗannan mata kamar su kaɗai suka yi komai, alhali abin da ya faru shi ne ta shekara talatin tana gina mutanen da za su fito neman ta.

Ranar Kirsimeti ta 1846 ta shiga garin Salem na Oregon, sama da wata takwas bayan barin Missouri, ta sa ƙafa a cikin gida karo na farko tun tashinsu. Gidan wani limamin cocin Methodist ne mai yara, ta kama yi musu aikin gida a bakin ci da kwananta ita da Kyaftin John har sanyi ya wuce. Ko a nan ba ta kai tsohon gidan 'yarta ta ajiye ba, domin su ma ba su da komai.

A wannan lokaci ne ta ji wani abu mai tauri a cikin yatsan safar hannunta, abin da ta daɗe tana ɗauka maɓalli ne. Da ta fito da shi sai ta ga ƙaramin tsabar kuɗi ne na santi shida da kwata, kuma shi ne dukan jarinta a Oregon. Ta sayi allura uku da shi. Ta ba matan 'yan asalin ƙasar wasu tsofaffin tufafinta suka ba ta jemammiyar fatar barewa, ta zauna tana ɗinka safar hannu tana sayarwa, har ta tara ribar sama da dala 30. Mutane sukan ba da wannan a matsayin abin al'ajabi, ni kuwa abin da nake gani a ciki ido ne na wadda ta san kasuwa. Oregon ta 1847 cike take da maza masu sarar itace da kafa shinge da kora shanu cikin ruwa da sanyi, kayan shago kuwa sai jirgin ruwa ya kawo su daga wata duniya, ga tsada. Fata tana da arha, ɗinki ne babu. Ta ga abin da kowa ke bukata wanda tsohuwa mai ɗingishi za ta iya yi a zaune, ta yi shi.

A ƙarshen 1847 ta je ganin Orus a filayen Tualatin, inda garin Forest Grove yake yanzu, ta sauka a gidan wani limami, Harvey Clark, da matarsa Emeline. A hirarsu ta ce masa da Allah ya ba ta dukiya, da ta kafa gida ta tara yaran da ba su da kowa ta zame musu uwa. Clark ya tambaye ta ko da gaske take, ta ce da gaske. Irin waɗannan yara kuwa sun yi yawa, domin hanyar Oregon tana kashe iyaye da cututtuka da haɗurra ta bar 'ya'yansu su iso a hannun baƙi. Misalin da aka fi sani shi ne 'ya'yan Sager su bakwai, waɗanda uwa da uba suka mutu a hanya a 1844, Marcus da Narcissa Whitman suka riƙe su, sannan aka kashe ma'auratan a Nuwamban 1847 yaran suka sake zama marayu. Ɗaya daga cikinsu, Catherine, daga baya ta auri jikan Tabitha, Clark Pringle.

A 1848 aka buɗe gidan a tsohon ɗakin ibada na gungumen itace. Maƙwabta suka kawo abin da za su iya na tukwane da kayan kwanciya, iyayen da ke da hali suna biyan dala ɗaya a mako, marayu kuwa kyauta, ita kuma ta yarda ta yi shekarar farko ba a biya ta komai ba. Kafin shekarar ta yi nisa yaran sun kai talatin, daga ɗan shekara huɗu har mai ashirin da ɗaya. A wannan shekarar labarin zinariyar Kalifoniya ya iso, mazan Oregon suka kwarara kudu, waɗanda matansu suka mutu suka rasa inda za su bar 'ya'ya sai wurinta. A 1849 majalisar dokokin yankin ta ba makarantar izini da sunan Tualatin Academy, da taimakon Clark wanda ya ba da fili da wani limami George Atkinson, a 1854 kuma aka faɗaɗa izinin aka sami Jami'ar Pacific, wadda har yau tana nan a Forest Grove.

Kada sunan jami'a ya ɓoye miki ainihin aikin da take yi. Wasu ne ke koyarwa a aji, ita tana ciyarwa da wanki da kula da marasa lafiya da tarbiyya. Ta rubuta cewa a 1851 tana da mutum arba'in a gidanta, kowanne a kan dala biyu da rabi a mako, kuma a ƙasa da wata biyar ta kwaɓa fulawa fam 3,423 da hannunta. Wannan ya haura kilo 1,500, sama da buhu talatin na kilo hamsin, a hannun mace mai shekara 71. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ta san adadin har zuwa fam na ƙarshe, alamar tana rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Kuma a wasiƙar iyalinta take kiran waɗannan mutum arba'in. Da ta zo rubutu a 1854 tana da gidan katako da take ba da haya, da filaye a cikin gari, da shanu, da kuɗin da take bin mutane, har ta ware wani kaso ta ba jami'ar. Wadda ta shigo Salem da santi shida da kwata ta zama mai ba da bashi cikin shekara takwas, kuma doka ta bar mata wannan duka ne saboda ba ta da miji.

Akwai ɓangaren da bai kamata a tsallake ba. Ƙasar da Orus ya yi gona a kanta, wadda Clark ya ba da kyauta, wadda Tabitha ta sayi filaye a cikinta, ta 'yan asalin ƙasar ce, mutanen Atfalati, wani reshe na ƙabilar Kalapuya. Zazzaɓin cizon sauro da ya ɓarke daga 1830 ya kashe mafi yawansu kafin ayarin baƙi su fara isowa, shi ya sa baƙin suka ga kamar babu mai ita. Dokar rabon ƙasa ta 1850 ta ba ma'auratan da suka riga suka zauna eka 640, rabi da sunan matar, tun kafin a kammala yarjejeniya da masu ƙasar, kuma a 1856 aka kwashe waɗanda suka rage zuwa keɓaɓɓen yankin Grand Ronde. Matan da suka ba ta fatar da ta kafa jarinta da ita suna cikin al'ummomin da wannan ya faɗa wa, su ma da nasu tsofaffin masu riƙe da jikoki, waɗanda ba su bar wasiƙa ba. Faɗin haka ba ya rage wahalar da Tabitha ta sha ko alherin da ta yi wa marayu, amma wanda ya ba da labarinta ya bar wannan bai ba da shi cikakke ba.

Haka nan kada a ɗauka kowace bazawara a bakin iyaka haka ta ƙare. Tabitha ta shigo da ilmi, da sunan matar limami wanda ke buɗe mata ƙofar gidajen malaman coci, da 'ya'ya manya masu gidajensu. Wadda mijinta ya mutu a tsakiyar hanya ya bar ta da goyo da yara ƙanana ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sau da yawa zaɓinta shi ne ta yi aure da wuri, ko ta yi wanki da dafa abinci a gidan wasu, ko ta rarraba 'ya'yanta. Wasu daga cikin yaran da Tabitha ta ciyar daga irin waɗannan gidaje suka fito. Dokar da ta ba macen da ke shugabantar gida damar karɓar eka 160 da sunanta idan ta zauna a kai shekara biyar sai a 1862 aka yi ta, kuma daga nan ne zawarawa masu gonar kansu suka yawaita a yamma.

Tabitha ba ta ga wannan doka ba. Da ƙarfinta ya ragu ta koma Salem wurin Pherne da Virgil, ta rasu a gidansu a watan Mayun 1858 tana da shekara 78, aka binne ta a tsohuwar maƙabartar garin. A 1987 majalisar dokokin jihar ta ba ta laƙabin Uwar Oregon.